Giyar hannu ko otomatik: Me ya sa masu kuɗi ke sayen wahala da kuɗinsu?

 Yau maganar giya za mu yi. Kafin uwargida ta rufe shafin ta ce mujallar iyali ta lalace, bari in yi saurin cewa giyar mota nake nufi, wadda direba ke sakawa ya cire a kan titi.

A Turai da Amurka da Japan akwai wani jinsin motoci da ake ƙerawa don gudu da jin daɗin tuƙi kawai. Galibinsu ƙofa biyu ne, wasu ma kujera biyu kacal, sun yi ƙasa-ƙasa kamar za su lashi kwalta, but ɗinsu kuma ba lallai ya ɗauki ko buhun shinkafa ɗaya ba. Su ne irin su Ferrari da Lamborghini na Italiya, da Porsche 911 ta Jamus, da Corvette da Mustang na Amurka, da Supra da MX-5 na Japan. Mu kira su motocin gudu. Masu sayen waɗannan motoci sun shafe shekaru suna wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: a sayi mai giyar hannu, wadda muke ce wa manuwal, ko a sayi otomatik mai canza giya da kanta?

Abin da ya sa musun ya isa a tsaya a kansa shi ne, tambayar wacce ta fi gudu an daɗe da amsa ta. Otomatik ta zamani ce ta fi. Masu ƙera motocin sun faɗa, agogo ya tabbatar, su kansu masoya manuwal sun daina gardama a kai. Duk da haka sai ka ga mutum ya ɗebi maƙudan kuɗi don sayen motar gudu, sannan da hankalinsa ya zaɓi wadda ta fi nawa, wani lokacin har da ƙarin kuɗi a kai. To me yake saye? Amsar tana da amfani ga attajirin Landan, tana kuma da amfani ga maigidan da ke tara kuɗin 'yar Corolla tokumbo.

Yadda kowacce ke aiki

Giya ita ce ke daidaita juyin inji da juyin taya. Ta ɗaya tana ba da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan, don tashi ko hawan tudu. Ta biyar ko ta shida tana ba da gudu, inji kuma yana ɗan hutawa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san wannan a cinyoyinsa.

A manuwal feda uku ce a ƙarƙashin ƙafarka: kulochi da birki da totur. Ka taka kulochi ka raba inji da taya, ka tura sandar giya inda kake so, sannan ka saki kulochin a hankali kana ba da wuta. In ka yi gaggawa mota ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar titi, in ka cika jan ƙafa kuma ka ƙona kulochi.

Otomatik irin wadda muka saba da ita ba ta da fedar kulochi. A madadinta akwai wata tukunya cike da mai, cikinta da wasu abubuwa biyu masu kama da fanka suna fuskantar juna. Inji yana juya ɗaya, ita ta kaɗa man, man kuma ya juya ɗayar. Shi ya sa za ki tsaya a danja da giya a ciki, ƙafarki a kan birki, inji bai mutu ba.

Iri na uku shi ne ya sauya lissafin motocin gudu, wato otomatik mai kulochi biyu. Kulochi ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da 3 da 5 da 7, ɗayan yana riƙe da ta 2 da 4 da 6. Kana tafiya a ta uku, kwamfuta ta riga ta shirya ta huɗu tana jira. Lokacin canji yana yi sai wannan ya saki wancan ya kama, kafin ƙiftawar ido, ƙarfin inji bai yanke ba. Babu ɗan Adam ɗin da hannunsa da ƙafarsa za su yi wannan saurin, ko da a gareji aka yanke masa cibiya.

Yadda reshe ya juye da mujiya

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da otomatik ga jama'a da yawa, a motocin Oldsmobile samfurin 1940. Shekaru da dama bayan nan ana kallonta a matsayin motar masu son jiki: giya uku ko huɗu, nauyin tashi, ga shan mai. A wancan zamanin wanda ya sayi motar gudu otomatik dariya ake yi masa, kuma masu dariyar suna da gaskiya, domin manuwal ta fi ta sauri, ta fi ta tattalin mai, ta kuma fi ta araha.

Daga filin tsere aka fara juyin. A 1989 Ferrari ta shiga gasar Formula 1 da motar da direba ke canza giyarta da wasu 'yan maɓallai a bayan sitiyari, hannunsa bai bar sitiyarin ba. Direban Ingila Nigel Mansell ya ci tseren farko da aka yi da ita, a Birazil, kuma cikin 'yan shekaru duk sauran masu tsere suka bi sahu. A 1997 Ferrari ta kawo tsarin cikin motar titi, samfurin F355. A 2003 Volkswagen ta saka mai kulochi biyu a Golf R32. A 2008 Porsche ta saka nata, wanda take kira PDK, a cikin 911, bayan ta gwada shi a motocin tsere tun shekarun 1980.

Daga nan manuwal ta fara ɓacewa, kuma daga manyan motoci ta fara. Wajen 2012 Ferrari ta daina yin ta. Lamborghini ta bi baya da ƙarewar samfurin Gallardo a 2013. McLaren ta Ingila, tun da ta dawo ƙera motocin titi a 2011, ba ta saka sandar giya a ko ɗaya ba. Sabuwar Corvette ta 2020 otomatik zalla ta fito. Golf GTI, yayar Golf ɗin da muke gani a tashoshinmu, ta yi bankwana da manuwal a 2024.

Ga misali ɗaya da zai nuna maka tazarar. Porsche 911 GT3 da ta fito a 2021, in mai PDK ce, tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4. In manuwal ce sai ta ɗauki daƙiƙa 3.9. Inji ɗaya ne, mota ɗaya ce, bambancin kawai wanda ke canza giyar.

Kamfanonin suna da nasu lissafin. Kowane haɗin inji da giya sai an yi masa gwajin hayaƙi da na ƙara kafin hukuma ta ba da izinin sayar da shi, kuma gwajin kuɗi ne masu yawa. In masu saye kaɗan ne, ba riba. A Amurka sababbin motocin da ake sayarwa da giyar hannu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. A Birtaniya, inda manuwal ta daɗe tana sarauta, otomatik ta wuce ta a cinikin sababbin motoci a 2020. Ga kuma motoci masu haɗa fetur da batir, waɗanda kwamfuta ce ke raba aiki tsakanin biyun, ba su cika jituwa da ƙafar direba a kan kulochi ba.

Ranar da masu saye suka yi bore

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga shi ba ta ƙare ba. A 2013 Porsche ta fitar da GT3 da PDK kaɗai, ta ce ai motar filin tsere ce, abin da ya fi sauri shi ya dace da ita. Masu saye suka tayar da jijiyar wuya. A 2016 kamfanin ya gwada su da wata mota mai suna 911 R, manuwal zalla, guda 991 kacal a duk duniya, a kan kimanin dala 185,000. Nan da nan aka kwashe su, waɗanda suka samu kuma suka riƙa sake sayarwa da riba ninkin-ba-ninkin. A 2017 manuwal ta dawo cikin GT3, kuma daga baya Porsche ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu sayen wannan mota a Amurka manuwal suke zaɓa. Ka tuna, Amurka ɗin nan da yawancin direbobinta ba su taɓa taka kulochi ba.

Toyota ma haka ta faru da ita. Ta dawo da Supra a 2019 da otomatik kaɗai, aka yi ta ƙorafi har sai da ta ƙara manuwal a 2022. BMW ta yi wa Z4 haka a 2024. Honda kuwa ta tsaya a kan manuwal kaɗai a Civic Type R. Can a ƙololuwar tsada akwai T.50 ta injiniya Gordon Murray, da Pagani Utopia, da Aston Martin Valour wadda aka ƙera guda 110. Kowacce kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, kuma sandar giya tana cikin abin da ake tallata su da shi. A kasuwar gwanjon tsofaffin motoci, Ferrari mai giyar hannu takan fi 'yar uwarta mai maɓallai tsada nesa ba kusa ba, alhali lokacin da suke sababbi mai maɓallan ce ta fi kuɗi.

Kada mu yi rashin adalci, jan igiyar ta ɓangare biyu ne. Toyota ta fitar da GR Yaris a 2020 da manuwal kaɗai, a 2024 kuma ta ƙara mata otomatik, saboda su ma waɗancan masu sayen suna da baki.

Doki bai ɓace ba

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ɗaure mana kai ba. An yi zamanin da doki shi ne abin hawan mai hali, da shi ake tafiya, da shi ake kai saƙo. Mota ta zo ta fi shi sauri, ta fi shi ɗaukar kaya, ba ta gajiya. Yau babu mai ɗaura sirdi daga Kano zuwa Zariya don ya isa da wuri. Amma je ka Hawan Daushe, ko filin folo a Katsina ko Kaduna, ka ga dawaki. Mutum zai kashe wa doki kuɗin da ya isa sayen mota, ga ciyawa, ga dawa, ga kanwa, ga mai kula da barga. Ka je ka ce masa dokin nan ko babur ɗin yaro bai kai gudu ba, sai ya dube ka ya yi murmushi. Shi hawan yake so, linzami a hannu, ƙafa a likkafa, ya ji dabba tana amsa masa.

Matsayin da manuwal ta koma ke nan a wurin masu motocin gudu. Direba ya doshi kwana, ya taka birki, ya taka kulochi, ya ɗan ba da wuta don juyin inji ya dace da giyar da zai sauka, ya jefa ta biyu ya saki. In ya yi daidai mota ta shige kwanar kamar an shafa mata mai. In ya kuskure ta girgiza, ta tona masa asiri a gaban wanda ke zaune gefensa. Da yake akwai yiwuwar kuskure, shi ya sa dacewar take da daɗi. Mai kulochi biyu kullum daidai take yi, ko gwani ne a kujerar ko ɗan koyo, don haka yabon na kwamfuta ne. Wanda ya san bambancin hular da aka ɗinka da allura da wadda inji ya buga zai gane. Ta inji ta fi fitowa da sauri, zarenta ya fi daidaita, amma kowa ya san wadda ake biya da tsada.

Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi. Rabin daƙiƙar nan a filin tsere kawai take da amfani. A yawancin ƙasashe iyakar gudu a babban titi tana tsakanin kilomita 100 zuwa 130 a awa. Motar da ke kaiwa 100 cikin daƙiƙa uku da 'yan kai, kana taka totur ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, to daɗin da doka ta yarda da shi ya ƙare, abin da ya rage tara ce ko asibiti. Manuwal tana ba direba abin yi ko da a gudun 60 yake. Shi ya sa Mazda MX-5, 'yar ƙaramar mota da ƙarfin injinta bai kai na doki 200 ba, alhali GT3 ta haura 500, take da masoya a ko'ina. Tun 1989 ake ƙera ta, kuma an yi fiye da miliyan ɗaya.

Ba na cewa duk mai sayen manuwal son tuƙi ne ya kai shi. Akwai masu yi don a ce su gwanaye ne, akwai kuma masu saye su rufe a gareji suna jiran farashi ya tashi. A cikin masu doki ma akwai wanda ko sau ɗaya bai taɓa yin sukuwa ba.

Su ma masu otomatik suna da hujja

Masoya manuwal sukan yi wa masu otomatik kallon raggaye. Wannan rashin adalci ne. Direbobin Formula 1, waɗanda tuƙi shi ne abincinsu, da maɓallai suke canza giya fiye da shekara 30. Wanda ya sayi mota don ya kai ta filin tsere ya auna lokaci, mai kulochi biyu ce ta dace da shi. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari, hankalinsa yana kan birki da kwana. Sannan kwamfuta ba ta yarda ka saka giyar da za ta fasa inji ba. A manuwal kuwa, kana cikin gudu ka nufi ta huɗu hannu ya zame ya jefa ta biyu, inji zai iya tashi daga aiki nan take.

Ga cunkoso. Awa guda kana taka kulochi kana saki, taku biyu a tsaya, babu daɗin da ke ciki sai ciwon gwiwa. Ga dattijo mai ciwon ƙafa, ga mai lalurar da ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya yake iya amfani da shi, wanda otomatik ce ta ba shi damar tuƙi gaba ɗaya. Ga gidan da mota ɗaya ce miji da mata suke hawa. Maganar shan mai ma ta tsufa, domin otomatik mai giya 8 ko 10 takan yi daidai da manuwal, wani lokacin ta fi ta tattali.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: da yawa daga masu sayen motar gudu manuwal suna da wata motar a gida ta zuwa aiki da kai yara makaranta, kuma galibi otomatik ce. Ranar hutu suke fito da waccan. Mai doki ma in za shi kasuwa mota yake shiga.

To mu ina ruwanmu?

Ruwanmu na farko shi ne, abin da suka saya sabo a yau, shi zai sauka a Apapa ko Kwatano nan da shekara takwas ko goma. Iyayenmu a kan Peugeot 504 suka koyi tuƙi, Fijon da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma a lokacin in an ce mutum ya iya mota, to ya iya kulochi ke nan. Yau Camry da Corolla da Accord da ke zuwa daga Amurka kusan duk otomatik ne. Ba mu aka tambaya ba, kasuwar can ce ta yanke mana. Yadda manuwal ke ƙara ƙaranci a can, haka za ta ƙaranta a nan, haka kuma sababbin nau'o'in otomatik za su ƙara cika garejinmu.

Na biyu, a wurinmu manuwal har yanzu kayan aiki ce. Tambayi direban haya mai Golf ko Sharon ko bas me ya sa yake manne da ita. Zai ce maka gyaranta ya fi sauƙi, kusan kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinta, in batir ya yi sanyi kuma yaran tasha su tura ta tashi. Abin da ya zama ado a wurin attajirin Amurka, a wurinsa abincin iyali ne. Su biyun duk sun zaɓi manuwal, kuma kowannensu ya san dalilinsa.

Darasin musun ke nan. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya saya da dalilin wani. Maigida, in motar nan ita kaɗai ce a gidan, kullum cikin cunkoson Mararaba ko na Sabon Gari take, uwargida za ta kai yara makaranta da ita, kada abokan majalisa su zuga ka da cewa namiji sai manuwal. Su ba za su taka maka kulochi ba. In kuwa hanyarka ta ƙauye ce, nesa da manyan gareji, kada kwalliyar mota ta ja ka ka sayi wadda in giyarta ta yi tari sai an ɗora ta a kan babbar mota zuwa Abuja ko Legas.

Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi wane irin otomatik ne a ciki, domin ba duka suke ɗaya ba. Akwai mai tukunyar mai da muka saba da ita, akwai mai kulochi biyu, akwai kuma CVT mai aiki da bel, wadda ke cikin ƙananan motocin Japan da yawa na yanzu. Kowacce da irin man giyarta, kuma zuba wa wata man wata yana iya kashe ta. Wasu masu kulochi biyu kuma sukan ɗauki zafi in ana ta jan jiki da su a cunkoso. Ka je wurin bakanikenka tun kafin ciniki, ka tambaye shi ko ya san ta, ko yana da na'urar duba ta, ko ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu manuwal, abu biyu. A daina ɗora ƙafa a kan kulochi ana tafiya, yana cinye shi a hankali. A kuma daina saka mota a firi a gangare da sunan tattalin mai. Giya tana taimaka wa birki riƙe mota, in ka cire ta ka bar wa birki aikin shi kaɗai, zai iya ɗaukar zafi ya daina kamawa. Ribar da ake nema ma babu ita, domin a injinan zamani in ka ɗage ƙafa daga totur da giya a ciki kwamfuta kan tsayar da mai, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu.

Yaranmu da tuƙi

Iyaye masu 'ya'yan da suka kai shekara 18, shawarata ita ce a koya musu duka biyun, maza da mata. A Birtaniya wanda ya yi jarrabawar tuƙi da otomatik lasisinsa na otomatik ne kawai, doka ba ta yarda ya tuƙa manuwal ba, saboda sun san hannu biyu ne daban. Wanda ya iya manuwal cikin 'yan mintuna zai saba da otomatik, amma wanda otomatik kaɗai ya iya, ranar da mara lafiya ke kwance cikin dare kuma motar maƙwabci manuwal ce, tsayawa zai yi yana kallon feda uku. Uwargida, ke ma wannan ya shafe ki. Iya ruwa fid da kai.

Samari masu kallon bidiyon waɗannan motoci a waya, ku lura da inda ake ɗaukar su. Filin tsere ne da aka killace, da hular kwano, da motar asibiti tana jira, babu mai talla, babu ɗan makaranta mai tsallaka titi. Wasan mota da ake yi a bikin aure, ana juyi ana tayar da ƙura a tsakiyar jama'a, bai haɗa komai da wancan ba, kuma gidaje da yawa sun ga bikinsu ya koma zaman makoki ta dalilinsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 100 a babbar hanya ta express. Masoya manuwal na gaske ma abin da suke faɗa ke nan, cewa gwanintar direba a santsin tuƙinsa ake gane ta, ya canza giya fasinja bai ji ba.

Ina aka dosa?

Motar lantarki galibi giya ɗaya gare ta, ba abin canzawa, don haka da alama zamani ne zai raba gardamar. Amma dubi abin da Hyundai ta Koriya ta Kudu ta yi a 2023. Ta fitar da motar lantarki mai gudu, Ioniq 5 N, ta saka mata maɓallan canza giya na kwaikwayo, har da ƙarar inji ta lasifika da ɗan fizgar da ake ji lokacin canji, alhali babu giyar da ke canzawa. Injiniyoyi sun yi shekara da shekaru suna ƙoƙarin kawar da wannan fizgar, yanzu kuma ana biyan su albashi su dawo da ita ta ƙarya, saboda masu saye suna so su ji da hannunsu a cikin tafiyar.

Yanzu saura ku. A kan wace mota kuka koyi tuƙi, kuma wa ya koya muku? Uwargida, in aka ba ki zaɓi yau, wacce za ki ɗauka? Direbobin haya da kanikawa, ku da kuka fi kowa sanin cikin mota, wace irin otomatik ce ta fi jure hanyoyinmu, wacce ce ta fi kawo muku ciwon kai? Ku rubuto a sashen sharhi da ke ƙasa, domin wani mai shirin sayen mota ya ƙaru da abin da kuka gani. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya kuma kiyaye hanya.